Keken Bai Ji Ciwo Ba

Agogo ake ce wa yayana, kuma ba a yi masa ƙarya ba. Shekara ashirin da takwas ya yi yana raba burodi a kan keke, daga gidan burodin bayan tasha zuwa shaguna goma sha tara, ba a taɓa cewa yau ya makara ba. Masu shayi ƙararrawarsa suke jira kafin su ɗora ruwa na biyu. Akwai wata tsohuwa a layin makaranta da ba ta shan maganin hawan jininta sai ta ji wucewarsa. Ni kuwa shekarata ashirin da buɗe shagon gyaran keke, na kafa allo da sunana da jan fenti ɓaro-ɓaro, amma har gobe in mutum zai yi wa wani kwatance sai ya ce, "Kai wa ƙanen Agogo."

Gara in faɗa da bakina tun yanzu: kishinsa nake yi. Ba ƙinsa nake ba, Allah ya sani, wanda ya taɓa shi ni ya taɓa. Amma tun da na yi wayo nake jin wani abu yana ci mini rai duk lokacin da aka yabe shi. Wannan abin ne ya kusa kai shi kabari bara, kuma ta bakina ya bi.

Shekara uku ya ba ni. Da mahaifinmu ya rasu, keke ɗaya ya bari, baƙi, mai kariyar ɗora kaya a baya. Ba a ko yi shawara ba aka ce na Yaya ne, shi ne babba, shi zai nemo mana abin da za mu ci. Shi ke hawa, ni ke gyarawa. In sarƙa ta zame ni, in taya ta yi faci ni, hannuna baƙi ƙirin da mai, shi kuma ya fito da farar riga ya haye ya tafi. Inna ta tsaya a ƙofa tana bin sa da addu'a har ya sha kwana, sannan ta juyo ta ce mini, "Auta, kar ka taɓa mini labule da wannan hannun."

Abin da ya fi ba ni haushi da Yaya shi ne babu inda za ka kama shi. Da yana da girman kai da na samu sauƙi. Mutum ne da zai goge kekensa da tsumma kafin ya wanke fuskarsa. Burodin da ya matse a ƙasan akwati ba ya cusa wa mai shago, shi yake saya ya kawo gida. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. In ka zage shi sai ya dube ka kamar yana tausayin maƙogwaronka. Ya yi aure, ya ɗauko Inna ta zauna a wajensa. Ni ma na ce ta zo wajena ko wata ɗaya ne, ta ce ɗakina yana warin roba. In na kai mata wani abu, ko takalmi ko fitila, sai ta juya shi ta ce, "Ajiye nan, in yayanka ya dawo ya duba ko mai kyau ne." Ka ji fa. Mutumin da bai san bambancin sifana da filaya ba.

To, mu masu gyara muna da wata ƙa'ida da muka gada daga iyayen gidanmu: keke ba ya ƙarya. Mutum zai zo maka yana ɗingishi yana rantsuwa mota ce ta kwashe shi, ka duba wili ka ga ko ƙarfe ɗaya bai saki ba, ka san santsi ne kawai ya kayar da shi yake jin kunya. Wani kuma ya zo yana dariya, ka ga wilin gaba ya naɗe, ka ce masa maza ya je a duba ƙashinsa. Daga ƙarfe muke karanta faɗuwa. Shekara ashirin ina yin haka ban taɓa kuskure ba, ko in ce ban taɓa sanin na yi ba.

Ranar wata Talata da hantsi, wani mai shayi ya turo keken Yaya shagona. Ya ce wani ne ya buɗe ƙofar mota ba tare da ya duba ba, Yaya ya kauce, tayar gaba ta faɗa bakin kwata, ya kifa. Wai ya tashi ya tsince burodin ɗaya bayan ɗaya, ya karkaɗe, ya tura keken a ƙasa ya ƙarasa shaguna bakwai da suka rage, sannan ya yarda aka raka shi gida.

"Mutumin nan ƙarfe ne," in ji mai shayin. "Da ni ne ai sai dai a ɗauke ni."

Na ce masa shayinsa na can yana hucewa.

Na ɗaga keken na juya wili, yana tafiya sumul. Birki lafiya. Feda ta dama ta ɗan gurje, murfin sarƙa ya karce, kan keken ya juya ya kalli hagu, abin da zan matse tayar a tsakanin gwiwoyina in murɗa ya dawo. Ta dama ya faɗi kenan, kuma faɗuwar yara. Na jingina shi a bango na rufe shago na tafi dubiya.

Tun daga bakin layi na fara ganin takalma. Falon Yaya cike, maƙwabta, masu shaguna, har mai gidan burodin da kansa ya zo da lemo. Yaya yana kishingiɗe a kan doguwar kujera an tokara masa filo biyu. Gwiwar hannunsa ta dama ta ƙuje an shafa mata magani, cinyarsa ta dama jini ya kwanta faɗin tafin hannu, an ɗora ƙanƙara a leda. Inna tana yi masa fifita, alhali fanka na juyawa a kansu. Shekara biyu kafin nan injin walda ya ƙone ni a hannu, fata ta saɓule, mako uku ina jinya. Inna ta aiko mini da gaisuwa ta waya.

Matar Yaya, wadda nake ce wa Anti, ita kaɗai ce ba ta zauna ba. Tana tsaye da mayafi a kafaɗa da katin asibiti a hannu.

"Yauwa, ga Injiniya," ta ce. Haka take tsokanata. "Zo ka taya ni yi masa magana. Na ce mu je asibiti, ya ce mu dakata. Tun ɗazu yake cewa cikinsa, ga shi kuma kafaɗarsa."

Inna ta ajiye mafici ta dube ni. Ta dube ni sosai, irin kallon da ban saba samu ba.

"Auta, kai ka ga keken. Kai ka san waɗannan abubuwan. Me ka gani? Mu kai shi ko mu bari?"

Shekarata arba'in da uku a duniya, ranar ce Inna ta fara tambayata ra'ayi a gaban mutane, kuma Yaya yana wurin. Wallahi wani daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Na gyara tsayuwa, na sa hannu a aljihu.

"Wace kafaɗar?" na tambaya.

Yaya ya ɗaga hannu a hankali ya taɓa saman kafaɗarsa ta hagu.

Sai na yi dariya. Na so in danne, ta ƙi. "Yaya, ta dama ka faɗi. Fedar dama ce ta gurje, gwiwar hannun dama ce ta ƙuje, ga cinyar dama nan kowa na gani. Yaya aka yi ciwo ya tsallaka titi ya koma hagu? Inna, keken nan bai ji ciwo ba. Ko ƙarfe ɗaya bai saki ba. Kwanciyar jini ce, a ci gaba da sa ƙanƙara, kwana uku ta baje. Sauran kuwa, ai ko ni aka yi wa wannan fifitar sai na nemo ciwo."

Aka kwashe da dariya. Mai gidan burodi ya buga cinya. Inna ma ta murmusa ta ce, "Ja'iri." Anti ba ta yi dariya ba. Ta ce ita dai ta ga wani ɗan tabo a ƙasan haƙarƙarinsa da take canza masa riga. Na ce nawa ne girmansa? Ta ce kamar murfin kwalba. Na nuna cinyar na ce, "Wannan mai faɗin tafin hannu bai dame ki ba, sai murfin kwalba?" Ban ko ce a ɗaga rigar in gani ba.

Yaya ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Ajiye katin. Tunda ya ce babu komai, babu komai."

Na koma shago ina jin kaina kamar an ƙara mini tsawo. Keken ma ban taɓa shi ba ranar. Na ce ya kwana a jingine, Agogo ya ɗanɗana makara sau ɗaya a rayuwarsa, duniya ba za ta tashi ba.

Washegari da safe na ciro shi waje don in miƙe kan. Na matse tayar a gwiwoyina, na kama hannayen keken biyu, sai wani abu ya yanke ni a tafin hannun hagu. Na duba. Robar hannun ta fashe daga ƙarshe, bakin bututun ƙarfen ya leƙo waje, zagaye, mai kaifi. Ni na sa masa robar nan wata biyu da suka wuce, sabuwa fil. Roba irin wannan ba ta fashewa don ta gogi ƙasa, kuma ai ɓangaren hagu bai ma taɓa ƙasa ba. Sai an doke ta da nauyi daga ƙarshe. A bakin ƙarfen kuma ga zare fari ya maƙale, irin na rigar Yaya.

Na tsaya na sake faɗuwar a kaina. Taya ta tsaya cak a kwata. Kan keken ya juya, hannunsa na hagu ya dawo baya ya kalli cikin mai tuƙi. Mutum mai nauyin Yaya, da akwatin burodi a bayansa, ya tafi gaba gaba ɗaya ya sauka a kan bakin ƙarfen nan, sannan ya gangara dama. Na sa babban yatsana a bakin bututun. Girman murfin kwalba.

Keken bai yi ƙarya ba, ni ne ban karanta shi har ƙarshe ba, don na samu abin da nake so tun a layin farko.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai mutum ɗaya. Ban tashi nan take ba. Wani malamin makaranta ya kawo tayarsa, na zauna na cire tub, na tsoma a ruwa, na nemi huji, na goge, na shafa gam, na jira ya sha iska. Ina yi ina ce wa kaina ai da wani abu ne da sun kira. Gaskiyar ita ce ina tunanin yadda zan shiga falon nan in ce wa Inna na yi kuskure. Kusan awa ɗaya na ɓata a kan facin da nake yi cikin minti goma. Daga ƙarshe, ban ko mayar da tub ɗin ba, na bar wa malamin shagon a buɗe, na zare robar na sa a aljihu na ruga.

A tsakar gida na same su. Yaya ya ce zai je ban-ɗaki da kansa, ya miƙe, jiri ya ɗebe shi ya zube a bakin ƙofa. Anti ta tallafe kansa. Leɓɓansa sun yi fari, gumi mai sanyi ya jiƙa masa goshi, yana numfashi sama-sama. Inna tana cewa yunwa ce, tun jiya bai ci abin kirki ba, a haɗa masa shayi mai kauri.

Na durƙusa na ɗaga rigar. Ga shi nan a ƙasan haƙarƙarin hagu, zobe sak, baƙi-baƙi, tsakiyarsa fari. Cikin ya ɗaure tamau kamar tayar da aka cika wa iska. Na ɗan taɓa, ya cije baki ya kama kafaɗar hagun nan.

"Kar a ba shi komai," na ce. "Anti, ɗauko katin."

Katin yana ɗaure a bakin mayafinta tun jiya.

A motar haya na riƙe shi a jikina, kansa a ƙirjina. Ban taɓa sanin ya fara furfura a ƙeya ba. A asibiti wata likita ce ta karɓe mu, 'yar siririya mai gilashi, ba ta da yawan magana. Na ciro robar na nuna mata, na kwatanta yadda kan keken ya juya. Ta dubi robar, ta dubi zoben, ta sa aka kawo na'urar hoto aka goga a cikinsa. Kafin ta gama ta riga ta ce a shirya ɗakin tiyata, a nemo jini.

"Saifarsa ce ta fashe," ta ce. "Tun jiya jini ke zuba a ciki."

Na ce, "To kafaɗar fa, likita? Ta dama ya faɗi."

"Jinin da ya taru a ciki ne yake taɓa wata jijiya, sai mutum ya ji a kafaɗar hagu. Wannan ita ce babbar alamar ma." Ta nuna cinyarsa da biro. "Irin wannan, a hannu ko a ƙafa, in mutum yana iya takawa kuma ba ƙaruwa yake ba, ƙanƙara da hutu sun isa. Amma tabo a ciki, ko ƙirji, ko kai, ko da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ba a kwana da shi a gida. Balle a ce ga jiri, ga fari, ga ciki ya ɗaure. Girman tabon waje ba ya gaya maka abin da ke ciki." Sai ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ya faɗa muku cikinsa da kafaɗarsa tun jiya. Wa ya ce ku zauna?"

Anti ta juyo ta kalle ni. Inna ta sunkuyar da kai.

"Ni na ƙi zuwa," in ji Yaya daga kan gadon. Muryar da ƙyar take fita. "Taurin kaina ne. Ƙanena ne ya gano."

Aka tura shi ciki.

Awa uku muka yi a kan benci. An cire saifar gaba ɗaya, an ƙara masa jini leda huɗu. Likitar ta ce da jiya aka zo, wataƙila da ba a kai ga yanka shi ba, a kwantar da shi kawai a sa ido. Ta ce da an ƙara rabin yini kuwa, da ba wannan maganar ake ba. Ban tambaye ta abin da awa ɗaya take ragewa ko ƙarawa ba.

Ya tashi, amma bai koma yadda yake ba. Ɗinkin ya yi ruwa, ya koma asibiti sau biyu, aka hana shi ɗaukar kaya mai nauyi wata da watanni. Mai gidan burodi ya jira shi wata biyu, sannan ya ba wani mai babur layin. Shekara ashirin da takwas suka ƙare a haka, babu ko taron sallama. Tsohuwar layin makaranta jikarta ta saita mata ƙararrawa a waya don shan magani.

Ni kuwa na samu abin da na daɗe ina nema. Duk wanda ya zo dubiya sai Yaya ya ba shi labarin robar, yadda ƙanensa ya karanta ciwo daga jikin ƙarfe, abin da ko likita sai da ta jinjina. Inna ta fara aiko mini da abinci shago. Ran nan har ta ce in zo in duba mata fitila ko mai kyau ce. Anti kaɗai ce ta daina ce mini Injiniya. Tana gaishe ni, tana ba ni ruwa, amma wasan nan ya mutu, kuma ban ga laifinta ba.

Zaman gida ya ishe shi, sai ya fara zuwa shagona yana zama a kan benci, yana miƙo mini sifana, yawanci ba wadda na ce ba. Ciniki ya ƙaru, don rabin masu zuwa shi suke zuwa gaisarwa. Wata rana da azahar, babu kowa, ina ɗaure wa wani wili ƙarafa, na kasa haƙuri.

"Yaya, me ya sa ka ce wa likita kai ka ƙi zuwa?"

"To ba ni na ce a ajiye katin ba?"

"Don na ce babu komai ne."

Ya juya wani ƙaramin noti a tafin hannunsa.

"Na san akwai komai," ya ce. "Tun a bakin kwatar na sani. Na sha faɗuwa, ban taɓa jin irin wannan ba. Da ka shigo ma jira nake jama'a su ragu mu tafi, kar a ce na tayar wa mutane hankali."

Na ajiye wilin. "To me ya hana ka faɗa? Ka ce ƙarya nake, ka ɗaga rigar kowa ya gani?"

"Inna ce ta tambaye ka." Ya ɗago ya dube ni. "Na ga fuskarka lokacin. Tun kana yaro ban ga ka yi irin wannan farin cikin ba. Na ce in na ƙaryata ka a gaban mutanen nan, ba za ta sake tambayarka komai ba har abada. Na ce bari in daure zuwa safe."

Na rasa inda zan sa idona. Na so in rungume shi, na so kuma in jefe shi da sifanar da ke hannuna. Mutum ya kwana jini na zuba a cikinsa don kar ƙanensa ya ji kunya, ya rasa saifa, ya rasa aikinsa, kuma ya zauna a bencina yana faɗa kamar labarin ruwan sama. Ni awa ɗaya na kasa ba shi.

"Ban tashi nan da nan ba," na ce. "Da na ga robar. Sai da na tsaya na yi wa wani faci."

"Na sani. Malamin ya zo dubiya, ya ce ka bar masa tayar a buɗe ka gudu, bayan ka shanya shi awa guda." Ya miƙo mini notin. "Na ce masa kar ya faɗa a gaban Inna."